Bulon Gwaji Uku da Tukunyar Gwaggo Inno

Ba zan taɓa mantawa da ranar Larabar da aka haɗa mini murhu a tsakiyar ɗakin gwaji ba, kuma ko da na so mantawa, danginmu ba za su bari ba. Har yau in ana taro a gidanmu, da an ɗora tukunya sai wani ya waiga ya ce, "Ina Injiniya? Shi zo shi duba muna ko duwatsun sun ci jarrabawa." Ni kuwa sai in yi dariyar yaƙe, in sunkuyar da kai a kan tuwona.

Bari in faro muku daga tushe. Lokacin shekarata ɗaya da kama aiki a wani ofishin ayyuka, ina zaune a Tambuwal da matata Hafsatu, tana da tsohon ciki. Takardata ta difloma ce, amma tun ranar da na kifa farar hular kwano mai shayin bakin tasha ya ce mini Injiniya, ban sake amsa wani suna ba. (Hular nan har wurin ɗaurin aure na taɓa zuwa da ita a rataye a hannun babur, wai don kada a kasa gane ni.)

Aikin farko da aka damƙa mini ni kaɗai shi ne kula da ginin wani kwalbati a kan rafi, can gaba da Fakku a ƙasar Kebbe. Da rani wurin yashi ne zalla, ko akuya ba ta ɗaga ƙafa in za ta wuce. Da damina kuwa ruwa kan raba ƙauyuka biyu da kasuwa da asibiti, wani lokaci har kwana uku, shanu na wannan tsallake, gonaki na wancan. Maginin da aka ba aikin sunansa Malam Nomau, wani siririn dattijo mai furfura a gemu, wanda ya kusa shekara talatin yana zuba kankare a yankin. Bai yi boko ba. In an sauke yashi sai ya damƙa ya murza a hannun farar rigarsa, in ya bar jan tabo ya ce a mayar, akwai laka a ciki. Ni kuma na zo da littafi a hammata, da niyyar in koya masa aiki.

Ranar zubi na fito da mazurarin ƙarfe da muke auna ruwan kwaɓi da shi. Cika shi ake yi da ɗanyen kankare, a zare shi sama, a duba iya yadda kwaɓin ya zauna. In ya baje kamar kunu, ruwa ya yi yawa, kuma yawan ruwa shi ke kashe ƙarfin kankare. Na tara leburori, na yi musu jawabi na kusan minti goma, na zare mazurari, na aza ma'auni. Kwaɓin Malam Nomau ya zauna daidai inda littafina ya ce, ko ƙwayar gero bai kauce ba.

"To Injiniya, mun ci?" in ji shi.

Na duba sama na duba ƙasa ina neman aibi, ban samu ba. Na ce, "Ba laifi."

Ga wanda ba sana'arsa ba ce, ga yadda abin yake. Ba a sanin ƙarfin kankare da ido. Don haka ranar zubi akan ɗebi kwaɓin da ake aiki da shi a zuba a wasu ƙananan mazubai na ƙarfe, hawa uku, kowane hawa a soke shi da sanda sau talatin da biyar. Washegari a kwance, sai ga 'yan bulo masu kusurwa huɗu, kowane gefe bai kai taƙi ɗaya ba, sumul kamar an yanka sabulu. A jiƙa su a ruwa, a kai uku ɗakin gwaji ranar kwana bakwai, sauran uku ranar kwana ashirin da takwas, inji ya matse su har su fashe. Abin da bulon nan suka faɗa shi ne shaidar ginin gaba ɗaya. In sun faɗi, ginin ya faɗi, ko da yana tsaye.

Wani abin da ya ba ni mamaki a aikin nan shi ne maganar ruwa. Sabon kankare ba bushewa yake so ba, sha yake so. Malam Nomau ya lulluɓe kwalbatin da buhuna, ya ce sai an yi mako biyu ana jiƙa su safe da yamma. Ga shi tsakiyar bazara ce, rijiya ɗaya ce mai ruwan kirki a ƙauyen, ita mutane ke sha, ita shanu ke sha. Dattawan ƙauyen suka zauna suka yanke shawara: kowace rana duro shida na kwalbati ne, masu shanu da yawa su kora nasu fadama mai nisa. Da idona na ga wani tsoho ya janye saniyarsa daga bakin kwami don a cika duron gini. Na tsaya ina kallo, jikina ya yi sanyi, amma da na lura ana kallona sai na gyara hula na rubuta wani abu a littafi.

Bulo shida na ɗauko a bayan a-kori-kura, naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu. Famfon ofishinmu ya daɗe da rasuwa, saboda haka na kawo su gida, na jera su a rabin duro a bayan madafa, na cika da ruwa, na rufe da tsohon faifai. Hafsatu ta tambaye ni mene ne. Na ce, "Kayan ofis ne, ba za ki gane ba." (Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.)

Ranar kwana bakwai na kai uku Sakkwato. Nan na fara ganin injin da idona, don a makaranta namu a lalace yake, zanensa kawai muka haddace. Wani ƙaton abu ne kore, ya fi ni tsawo, da faranti biyu na ƙarfe, ɗaya sama ɗaya ƙasa, da agogo mai allura. Mai kula da shi wata mace ce da ta ba hamsin baya, Hajiya Ramatu, da tabarau mai igiya da farar rigar aiki a kan hijabi. Ba ta da yawan magana. Ta auna bulon, ta goge shi, ta sa a tsakiyar faranti, ta murɗa. Inji ya fara gurnani, allura ta kama hawa. Tana hawa, tana hawa, bulon ko gezau. Na tambaye ta nawa ke kansa yanzu, ta ce ya haura tan arba'in. Wato ɗan abin nan da na ɗauko da hannu ɗaya yana ɗauke da nauyin tirela cike da buhunan gero. Yashin rafi ne, da tsakuwa, da garin siminti, da ruwan rijiyar da aka hana saniya. Na ce tsarki ya tabbata ga Allah, a fili na faɗa. Can sai ya yi wata ƙara, gefunansa huɗu suka zube a tare, ya bar tsakiya mai siririn ƙugu kamar kalangu.

"Haka na gari ka mutuwa," in ji Hajiya. "Makin ƙarfinai sha tara a kwana bakwai. Ashirin da biyar aka nema a ashirin da takwas. Wa yak kwaɓa maka wanga?"

Na ce ni na tsaya a kai. Ta dube ni ta saman tabarau, ta rubuta abinta.

Bayan kwana biyar Hafsatu ta sauka lafiya, namiji. Ranar suna ta zo daidai da kwana sha tara da zubi. Tun jajibiri Gwaggo Inno, ƙanwar mahaifina, ta iso daga Sanyinna da tawagarta da wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe da ke cin kwano ashirin na shinkafa. Gwaggo Inno mace ce da in ta shiga gida ita ce mai gida. Ni ina ƙofar gida cikin sabuwar shadda ina karɓar barka, an yanka rago, an raɗa suna, abokan aiki sun zo, har Malam Nomau ya hau babur tun daga Kebbe ya kawo mini zabi biyu. Shinkafa ta fito, ta yi daɗi ƙwarai, faranti biyu na ci.

Sai bayan la'asar na shiga cikin gida in gai da mata. Ina sa ƙafa a tsakar gida na hangi tukunyar Gwaggo a kan wuta, ana ɗumama ruwan wanke-wanke. Ta zauna daram, ba ta karkata ko kaɗan ba. A ƙarƙashinta akwai duwatsu uku masu kusurwa huɗu, tsawonsu ɗaya, sun yi baƙi ƙirin. A jikin na kusa da ni, ta gefen da wuta ba ta kai ba, ga kwanan watan da na rubuta da ƙusa.

Bulon gwajina ne, ukun da suka rage.

"Ɗan boko, taho in sa maka albarka," in ji Gwaggo. "Mun zo ba mu iske duwatsun murhu ba, sai ga ruɓaɓɓen ruwa cikin duro sauro na haifuwa. Na ce a zubas, sai ga abin arziki ƙasa. Ina kas samo su? Shekara arba'in nika girkin biki, ban taɓa ganin murhun da tukunya taz zauna awa wanga ba. Guda dai yat tashi tsorata mu da hantsi, yay yi ƙara yab ɓalle ɗan kunne, munka yi a'uzubillahi munka ci gaba."

Tun asuba suke cikin wuta. Ga surukaina mata zaune a kan tabarma suna kallona. Me zan ce? Na ce, "Madalla, Gwaggo." Har godiya na yi mata.

Abin da ya kamata in yi a bayyane yake: in je ofis washegari in faɗi gaskiya. Abin da na yi shi ne, da safe bayan baƙi sun watse, na tsuguna a bayan madafa da soso da garin sabulu na wanke bulon nan kamar jarirai. Baƙin ya fita, amma ya bar wani dishi-dishi. Na dama siminti tsululu na shafe su, na cike kunnen da ya ɓalle, na mayar da su ruwa. Sannan na zauna na yi wa kaina fatawa: ai tukunyar ƙasa sai an gasa ta take ƙarfi, randa ma haka, to me zai hana kankare? (Na san amsar. Na taɓa rubuta ta a jarrabawa, har maki aka ba ni. Amma mai neman mafita ko bango ya gani sai ya ce ƙofa ce.) Kwana takwas ina leƙa duron nan ina tofa musu addu'a.

Ranar kwana ashirin da takwas ta faɗo Laraba. Sabuwar ƙa'ida ce mai gini ya shaida gwajin ƙarshe, don haka Malam Nomau ya zo cikin wankakkiyar riga da hula zanna, bai taɓa shiga ɗakin gwaji ba. Shugaban sashenmu, Alhaji Dikko, yana da wata hidima a Sakkwato, ya ce mu tafi a motarsa. A hanya yana ta yabona, wai ya ji labarin sha tara. Ni kuwa ina baya rungume da buhun bulo, gumi na bi mini gadon baya.

Hajiya Ramatu ta ɗauki na farko. Ta shafa gefe ɗaya da babban yatsa, ta shafa wani gefen, ta ɗan dakata. Ta sa a inji. Malam Nomau ya matso kusa yana kallon allura, fuskarsa kamar ta mai jiran a fito masa da jika daga ɗakin haihuwa. Allura ta fara hawa, ban gama Ƙulhuwallahu ta uku ba na ji ɓurus. Ba irin ƙarar ran nan ba ce, wannan kamar an taka busasshiyar ƙwarya. Gefe ɗaya ya zube, sauran na tsaye.

"Sha fuɗu," in ji Hajiya.

Na biyu sha uku da rabi. Na uku sha biyar.

Alhaji Dikko ya cire tabarau ya juya ga Malam Nomau. "Malam, wanga ba aiki na ba. Ashirin da biyar anka ce. Kwalbatin da manyan motoci za su bi? Sai dai a fashe shi a sake. Kuma ka san in na rubuta wanga rahoto, ba ka ƙara taɓa aikin hukuma."

A fasa shi. Saura wata guda ruwa ya sauka, ba yadda za a yi a sake zubi ya nuna kafin rafi ya kawo. Ƙauyuka biyu za su sake shekara a yanke, ruwan rijiyarsu ya tafi a banza, sunan dattijon nan na shekara talatin ya bi ruwa. Malam Nomau bai yi gardama ba. Ya tuɓe hularsa ya riƙe a hannu biyu, ya dubi tarkacen da ke cikin inji, ya ce a hankali, "Ranka shi daɗe, ban rage siminti ba. Amma tunda ƙarfe yaf faɗi, ban iya musu da ƙarfe." Sannan ya waigo ya dube ni, ba kallon tuhuma ba, kallon neman shaida. Ni ne na auna kwaɓinsa, ni na ga sha tara.

To a nan ne zan faɗi abin da ya fi murhun ciwo. Na yi shiru. Na kama duba igiyar takalmina kamar ranar na fara ganin ta. Ban san iya tsawon shirun ba, ni dai na san na ji ƙarar fankar sama, na ji wani yana tallar kankana a waje.

Hajiya Ramatu ce ta katse shi. "Alhaji, dakata da rahoto. Shekarata ashirin da shida bisa injin ga, ban taɓa ganin kankaren da yay yi sha tara a mako guda ba, sannan yak koma sha fuɗu a mako fuɗu. Kankare ba ya tsufa da baya. In an ba shi ruwa, ƙaruwa shika yi har bayan mun mutu."

Ta sunkuya ta tsinci ɓaraguzan na farko, ta kai bakin taga. "Ku dubi nan." Muka matsa. Tsakiyar bulon toka-toka ce kamar yadda aka sani, amma daga gefe ɗaya, zurfin gaɓar yatsa biyu, launin ya koma ja-ja kamar kunun kanwa. Ta murza wurin, ya zube gari. Ta kankare saman da farce, ɓawon simintin da na shafa ya ɗago kamar ƙanzo.

"Wuta ta," in ji ta. "Mai ƙarfi, kuma ta daɗe. In da gobara ta, da ta ci ko'ina. Wagga gefe guda tac ci, da ɗan sama." Ta ɗauki na biyu, haka. Na uku, haka. Sai na ga gefen bakinta ya motsa.

Ta tsuguna a tsakiyar ɗakin nan, a kan farin dandamali, ta ajiye ragowar bulo na farko. Ta ajiye na biyu ɗan nesa da shi. Ta ajiye na uku a gaba, kowanne jan gefensa na duban tsakiya. Ta ɗauko wani kwanon awon tsakuwa ta ɗora a kai. Ya zauna daram.

Ta ɗago kai ta dube ni ta saman tabarau. "Injiniya, tuwo ko shinkafa?"

Jama'a, na sha jin ana cewa mutum ya so ƙasa ta tsage ya shige, ranar na san ba karin magana ba ce, addu'a ce. Sai na ji Malam Nomau ta bayana, a natse, kamar mai ba da shaida a gaban alƙali: "Shinkafa ta, Hajiya. Na ci. Da naman rago."

Alhaji Dikko ya so ya yi fushi, dariya ta riga shi. Sai da ya dafa inji. Ma'aikatan ɗakin kusa suka shigo, aka ba su labari, su ma suka kira wasu. Ni kuwa ina tsaye a gaban murhu da farar hulata a hannu, na kwashe komai na faɗa, tun daga duro har soso, har fatawar randa. Da na zo kan abin da na ce wa Hafsatu, Hajiya ta ce, "Da ka gaya mata, da ko tana ɗakin jego ta aiko an hana. Kowace mace ta san abin da wuta ka yi ma dutse. Mu ka canza na murhu in sun ruɓe."

Da dariya ta lafa, ta ce tunda shaidu sun ƙone, sai a je a tambayi mai gidan da kansa. Ranar Asabar muka ɗunguma har bakin rafi da wani injin da ke huda kankare ya zaro curi mai kamar gwangwanin madara babba. Labari ya riga mu isa, mutanen ƙauyukan biyu sun cika wurin, suna tsoron a ce za a fasa. Alhaji Dikko ya ce aikina shi ne riƙe bokitin ruwan da ke sanyaya haƙoran injin. Na riƙe.

Da curin farko ya fito, Hajiya ta wanke shi ta ɗaga a rana. Ban taɓa ganin cikin gini ba sai ranar. Injin ya yanka tsakuwa biyu-biyu, kowace da launinta, fara da ja da baƙa, a jere cikin siminti ba rami ko na allura, babu inda manya suka taru suka bar ƙanana. Ya yi sheƙi kamar dutsen ado. Hajiya ta jima tana juya shi, sannan ta miƙa wa Malam Nomau da hannu biyu ta ce, "Baba, hannunka na da albarka." Curin ya zagaya hannun dattawa ɗaya bayan ɗaya, kowa na shafawa. Tsohon nan mai saniya ya auna nauyinsa a tafi ya ce, "Ashe nan ruwanmu yat tafi."

Da aka matse curi ukun da aka zaro a Sakkwato, mafi rauni a cikinsu ya haura talatin.

Ni aka ce in koma in tsaya a cike ramukan da aka huda. Na iske Malam Nomau shi kaɗai yana kwaɓi a kwano. Na durƙusa na ba shi haƙuri, na ce murhun nan ganganci ne da wauta. Ya ci gaba da juya cokalin gini, bai ɗago ba.

"Murhu ba komi na ba, Injiniya. Gwaggonka ta ga dutse mai kyau ta ɗauka, ni ma da na gani ɗauka nika yi. Wuta ta ci bulo, bulo kuwa ya faɗi abin da anka yi mai, bai ɓoye ba." Ya cika rami ɗaya, ya lallaɓe bakin. "Ni abin da yaƙ ƙona ni, sa'ad da nid dube ka kad dubi takalmi."

Ya miƙo mini cokalin ya ce in cike sauran biyun. Na cike, ya gyara mini.

Ruwan farko mai ƙarfi na daminar nan ya same ni a can. Na tsaya a kan kwalbatin, rafi ya kawo jajir, yana tafe da itatuwa da kara, yana dukan bakin ginin da rurin da sai ka ɗaga murya a ji ka. Na sa tafin hannuna a kan kankaren, ko motsi babu. Garken shanu ya bi ta kai, bayansu wata mota cike da taki, bayanta wani mai babur ɗauke da tsohuwa za su asibiti, ya ɗaga mini hannu ya wuce abinsa kamar tun fil azal hanyar take. Idona ya cika da hawaye, na bar wa ruwan sama laifin.

Yanzu duron gwajina yana da murfi da kwaɗo, kuma mabuɗin yana hannun Hafsatu, wadda ta san bambancin kwana bakwai da ashirin da takwas fiye da wasu 'yan ofishinmu. Gwaggo Inno kuwa har gobe ba ta yarda ta yi laifi ba. Duk bikin da za a yi sai ta aiko a ce mini in samo mata "irin waɗancan na gwamnati".

Darasin da na koya bai wuce wannan ba: in ka ajiye abu uku masu tsawo ɗaya a bayan madafa, ka yi wa matan gida bayani, don su ma suna da aikin da abu uku ke yi. Sannan a duk lokacin da na ga allurar injin nan na hawa, nakan tuna cewa ranar Larabar nan abu huɗu aka matsa. Uku sun wuni cikin wuta, amma sai da kowanne ya ɗauki tan talatin kafin ya fashe. Na huɗun, mai farar hula, kallo ɗaya dattijo ya ɗora masa.